Ɗan Malam a Rumfar Aski

Ladan ya san akwai magana tun da Mardiya ta shigo soro da ƙwaryar kunu, ta dire a gabansa ba ta dube shi ba. Ta gaishe shi a taƙaice, ta koma jikin ƙofa ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Idanunta sun kumbura.

Ya tambaye ta ko jikin babanta ne, ta girgiza kai. Ya tambaya ko shi ne ya yi mata wani laifi, nan ma ta girgiza kai. Sai hawaye suka ziraro.

"Ɗangiwa wanzamin Jabo ya tafi Tambuwal," ta ce. "Maƙwabcinmu ya gamu da shi bisa hanya. Ya rantse sai ya zaka da Malam, shi ga ɗanai zaune tsakar kasuwa da aska ga hannu."

Ladan ya ajiye ludayin da ya ɗauka. Yau ce ranar kasuwar Kebbe, kuma yau ce ranar da zai fara zama a rumfar aski a gaban jama'a.

Malam ɗin da take nufi shi ne mahaifinsa, Malam Dawuda, mai makarantar zaure a Tambuwal. Gidansu tun kaka da kakanni ba a san shi da komai ba sai allo da littafi, har daga Sakkwato akan turo ɗalibai su sauka a zaurensu. Ladan ne kaɗai ɗa namiji da ya rayu a gidan. Muryarsa ce ta kawo shi Kebbe, aka ɗauko shi ya ja baƙi wurin tafsirin azumi. A nan ya ga Mardiya, a nan kuma ya bar hankalinsa.

Mardiya ba yarinya ba ce. Ta yi aure a Dogon Daji, mijin ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta, Almu Sarkin Askar Kebbe.

A da, in ana maganar rumfar Almu da ke gindin tsamiyar kasuwa, ana maganar zuciyar gari ne. Nan ake aski, nan ake ƙaho, nan fatake ke sauke labarin hanya, nan ake sasanta rikicin gona kafin ya kai gaban alƙali. Sai ɗansa Na'iya ya bi runduna yamma a matsayin mai cire wa mayaƙa kibiya, bai dawo ba. Bayan wannan labari hannun tsohon ya kama rawa, ba ya iya riƙe ko ludayi ba tare da ya zubar ba. Rumfa ta rufe, gara ta cinye ginshiƙanta, awaki suka mai da wurin makwanci. Mutanen Kebbe suka koma jiran wanzaman Jabo masu yawon kasuwanni. Akan haifi jariri a yi suna gashin haihuwa na kansa, don ba mai sauke shi.

Shi ya sa da Ladan ya aika neman auren Mardiya, Almu bai tambayi dukiya ba. Cewa ya yi ya riga ya rantse, ba mai ɗaukar 'yarsa sai wanda zai rataya zabirarsa, jakar fatar nan da ya gada da askake da ƙahonninta, ya kuma tashi rumfar daga kwance.

Ladan ya je Tambuwal ya durƙusa ya faɗa wa mahaifinsa. Malam Dawuda bai ɗaga murya ba. Ya ce hannun da ya riƙe alƙalami a gidansa ba zai koma wanke kawunan mutane ba, bakin da ya ja baƙi kuma ba zai tsotsi jini a ƙaho ba. In ya zaɓi wannan, to ya manta hanyar zauren. Inna Atu, mahaifiyarsa, ta biyo shi har bakin ƙofa tana kuka tana riƙe masa riga. Ya ɓamɓare yatsunta a hankali ya fita, bai san yadda ya kai Kebbe ba.

Tun daga ranar bai ƙara jin muryar ɗayansu ba.

"Malam Ladan," Mardiya ta ce, "don Allah kada ka fita yau. Ka ce ba ka da lafiya. In sunka zaka sunka iske rumfa ba kowa, sai su koma."

Ya ce mata in ya ɓuya yau, gobe fa? Kasuwa ba ta daina ci.

"To ka koma gida," ta ce, ta zame ta zauna a dokin ƙofa. "Ka koma tun ba a kai ga baki ba. Ka san abin da mata ka faɗi bakin rijiya? Cewa sukai bazawara ta shanye ɗan malam, ta raba shi da ubanai, ta maishe shi mai kwasar gashi. Ina jin su, ina sunkuyar da kai, don ban san ko ƙarya sukai ba. Kwana nikai ina tunanin innarka. Wace uwa ta za ta yafe wa macen da ta yi mata haka?"

Ya bar ta ta yi kukanta.

Ya tuna farkon zuwansa. Almu ya sa aka shafe masa duma da laka, ya ba shi aska ya ce ya kankare lakar kada bakin askar ya taɓa fatar duman. Duk inda ya karta, tsohon yakan ɗora masa sanda a gwiwa ya ce ya kashe mutum. Damina ta shigo ta fita yana kan duma. Daga nan Almu ya tuɓe hula ya miƙa masa nasa kan. Ladan ya yanke shi ba adadi, tsohon yakan dangwali toka ya danne wurin ya ce a ci gaba. Ranar da ya fara ja da ƙaho, da ya zare shi ya ga baƙin jinin da ya taru, sai da ya zaga bayan gida ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Ta bayan zana Mardiya ta turo masa ruwa da tsamiya, ta raɗa masa cewa yayanta Na'iya ma haka ya yi, kada ya ji kunya.

"Mardiya," ya ce a hankali, "ba ni ɓoye miki, don ke na shigo. Da ubanki ya ce in koyi jima ko ƙira, da na koya. Amma ranar da anka aza mini jinjirin gidan maƙera bisa cinya, na bi gefen maɗigarshi da aska tana bugawa ƙarƙashin yatsana, na gama ban ko tashe shi daga barci ba, na ga kakarshi tana share hawaye, ranar na san ba aikin ƙasƙanci nika yi ba. Ina son ubana. Ina son ki. Yanzu kuma ga na ukku ya shigo. Ki gaya mini wanne za ni yankewa in rayu."

Daga cikin gida suka ji tarin Almu yana kiran a fito da zabira.

*

Rumfar ta tashi sabuwa fil. Ladan ne ya saro ginshiƙan a daji, ya yi rufin da karan dawa, ya daɓe ƙasan da hannunsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera askake a kan ƙyalle, tasar ruwa da sabulun salo a dama, ƙahonni a hagu. Almu ya zauna a gefe bisa buzu cikin babbar rigarsa ta salla, ya cusa hannayensa cikin hannun riga don kada a ga rawarsu. Mardiya ta kawo tulun ruwa ta dire a gindin tsamiya, ta zauna can baya wajen mata masu fura, inda take iya hango komai.

Da farko mutane tsayawa suka yi nesa suna kallo. Kowa na jiran wani ya fara ba da kansa ga ɗan koyo. Sai tsoho Ɗan'iya maƙeri, wanda ya ƙera rabin askaken da ke zabirar, ya ratso ya tuɓe hula ya zauna. Ya ce kansa ya sha tartsatsin wuta shekara da shekaru, ba askar ɗan malam ce za ta ba shi tsoro ba.

Ladan ya yi bisimilla ya jiƙa kan. Askar ta bi fata sumul. Da ya gama, maƙerin ya shafa ƙeya ya shafa goshi, ya duba tafinsa bai ga jini ba, ya juya wajen Almu ya gyaɗa kai.

Shi ke nan sai aka fara tuɓe huluna. Wani manomi ya zo da ciwon baya aka kafa masa ƙaho. Wani bafatake ya zauna jiran layi ya ɓalle da labarin tsadar gishiri a hanyar Jega, wani ya ƙaryata shi, gardama ta kaure, aka yi dariya har da Sarkin Aska. Ladan ya saci kallon Almu, ya ga leɓen tsohon na motsi, idonsa ya ciko. Rabon da a ji hayaniyar maza a gindin tsamiyar nan tun Na'iya na da rai.

Rana ta kusa tsakiya sai hirar ta mutu, kamar an zuba wa wuta ruwa.

Ladan ya ɗago. Ɗangiwa ne ke ratso kasuwa, riƙe da linzamin wata goɗiya. Dogo ne kakkaura, wanzami ɗan wanzami daga Jabo, zabirarsa cike da layu tana lilo a kafaɗa. Shi ya fara neman Mardiya tun tana takaba, ita ce ta ce ba ta so. A bisa goɗiyar kuwa, cikin farin rawani, Malam Dawuda ne zaune, ya miƙe kamar an dasa shi.

Ɗangiwa ya durƙusa ya gai da Almu, sannan ya miƙe ya yi magana yadda duk kasuwa za ta ji. Ya ce shi ba da faɗa ya zo ba. Wanzanci gado ne, a nono ake shansa, ba a karanta shi a allo. Ga uba ya zo ɗaukar ɗansa, a ba kowa abinsa, rumfa ta koma hannun 'ya'yan gado. Wasu daga cikin dattawan suka sunkuyar da kai, domin maganar ba ta rasa masu ganin gaskiyarta ba.

Ladan ya saki askar ya je ya kama wa mahaifinsa likkafa ya sauka. Sannan Ladan ya zube a ƙasa. "Baba, sannu da hanya."

Malam Dawuda bai dube shi ba. Fuskarsa na kallon sama da kawunan mutane.

"An ce mini akwai wanzami wurin ga," ya ce. "Wanzami nika nema. A kai ni in zauna."

Maganar ta soki Ladan fiye da mari. Ya tashi ya kama gefen rigar tsohon ya kai shi tabarma. Almu ya yi masa maraba da girmamawa, Malam ya amsa da kalma ɗaya. Bisa al'ada sai aka ce a ba baƙo ruwa. Mardiya ta taso, mayafi rufe da rabin fuskarta, ta ɗebo a tulu ta durƙusa gabansa. Ladan yana bayanta, bai ga abin da ya faru ba, ya dai ga ta ɗan jima a durƙushe fiye da yadda ya kamata, sannan ta tashi da sauri ta koma wurinta.

Malam Dawuda ya warware rawaninsa sannu a hankali, ya naɗe ya ɗora a cinya, ya cire hula. Kasuwa ta yi tsit. Ba wanda ya taɓa ganin kan malamin nan a buɗe. Ladan kansa rabonsa da gani tun yana yaro. Gashin ya yi fari fat, ya taru ya cukurkuɗe, kamar an daɗe ba a kula da shi ba.

"Bisimilla," in ji Malam, ya rufe ido.

Ladan ya tsoma hannu a tasa. Ruwan na zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya ji Ɗangiwa ya yi 'yar dariya ta hanci. Kowa ya san abin da ake jira: ɗigon jini ɗaya a kan wannan tsoho, an gama da ɗan malam a Kebbe, an gama da shi a Tambuwal.

"Numfashi," Almu ya ce daga gefe, can ƙasa. Abin da yake faɗa masa ke nan tun zamanin duma.

Ladan ya ja numfashi ya sauke. Ya dafa kan ubansa da hagu, ya aza aska a ƙeya.

Farin gashi ya fara sauka a kafaɗar rigar. Ya bi bayan kunnen dama, ya zagayo na hagu. Fatar ta yi laushi ta saki, sai ya ja ta da babban yatsa kafin askar ta wuce. Ƙamshin jikin mahaifinsa, na tawada da turaren wuta, ya cika masa hanci, ya ji kamar yana zaune a zaure da allo a cinya.

Da ya zagayo gaba ya durƙusa suna fuskantar juna, gwiwa na gugar gwiwa, sai leɓen tsohon ya motsa. Muryar ba ta wuce tsakaninsu ba.

"Kada ka tsaya. Yi aikinka, ka saurara."

Ladan ya ci gaba.

"Wancan yaron yana zaton shi ya kawo ni. Ni na biyo shi, don ba ni iya hanya ni ɗai, kuma ba ni da wanda zan aika da magana irin wagga." Ya ɗan ɗago fuska. "Dube ni."

Tsohon ya buɗe ido.

Askar na daidai gaban goshi. Ladan ya duba, ya ga wani fari-fari kamar madara ya lulluɓe baƙin idon, duka biyun. Idanun suna kallonsa, amma ba shi suke gani ba.

"Tun kaka ya fara," in ji Malam. "Yanzu haske da duhu kaɗai nika rarrabewa. Ɗalibai na karantawa, ina gyara musu da ka, ina riƙe da takarda tamkar mai dubawa. Rannan innarka ta shigo ta iske na riƙe ta a kife. Ita ɗai ta sani, sai kai yanzu. Ranar da gari ya ji, zauren kakanka ya watse. Littattafan nan ba su da mai buɗe su." Ya gyara rawanin da ke cinyarsa. "Ban ga fuskarka ba, da murya na gane ka. Ban janye abin da na ce ba, kuma ban zaka roƙo ba. Na dai ce kada ka ji ga bakin wani. Amana ta, ko ita ɗiyar wanzamin kada ka faɗa mata."

Hawaye suka cika idon Ladan har bakin askar ya zama biyu. Ya ɗaga ta daga fata, ya goge ido da kafaɗa kamar mai share gumi. Mutane suka matso suna zaton ya yanka.

"Gama," in ji tsohon. "Ba a barin aski ga goshi."

Ya gama. Ya bi goshin a hankali har ƙarshe, ya gyara saje, ya wanke kan da ruwa ya share da ƙyalle. Ɗangiwa ya sunkuyo ya zagaya yana dubawa, bai sami ko ƙwarzane ba. Ɗan'iya maƙeri ya ce ma sha Allahu, wasu suka amsa.

Malam Dawuda ya naɗa rawaninsa, ya miƙe ya ce a kawo masa goɗiya. Ɗangiwa ya yunƙura, Ladan ya riga shi kama linzamin.

"Ni za ni kai shi gida," ya ce.

*

Ladan ya je ya durƙusa gaban Almu. Bai iya ba da dalili ba, ya ce dai dole ce ta kama, a yi masa haƙuri. Tsohon ya daɗe yana kallon mutanen da ke zaune da huluna a hannu suna jiran layi.

"Uba uba na, ba ni hana ka," ya ce. "Amma na ga mutuwar rumfar ga sau guda, ba ni da ran ganin ta biyu. In kasuwa ta zagayo tabarmar ga ba kowa, mai zama shi zauna. Kuma ka san rantsuwata, ban raba zabira da ɗiyata ba."

Ɗangiwa ya ji, ya sauke zabirarsa daga kafaɗa ya rungume ta a ƙirji.

Mardiya na jiransa a bayan tsamiya, inda tushen itacen ya kare su daga idon kasuwa. Ba ta kuka yanzu, fuskarta ta bushe, wannan ya fi tayar masa da hankali.

Ta tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce bai sani ba. Ta tambaya ko kafin kasuwa ta zagayo. Ya ce bai sani ba. Ta tambaya me Malam ya faɗa masa da har ya sauya fuska haka, ya kafa ido a ƙasa.

"Da safe ni na ce ka tafi, ka ƙiya," ta ce. "Yanzu da ka nuna wa duniya ka iya, ka sa Baba ya yi dariyar da rabonai da ita tun rasuwar Na'iya, yanzu za ka tafi. Ni bazawara ta, ba mai ɗaura mini aure sai da yardata, na sani. Amma kana ganin zan iya duban tsohon can, da hannuwan nan nashi, in ce mishi a'a sau biyu? In rumfar ga ta sake faɗuwa, da shi za ta faɗi."

"Mardiya, da zan iya faɗa miki..."

"Ba sai ka faɗi ba." Ta matso, ta rage murya har sai da ya sunkuyo. "Na miƙa mishi ruwa, hannunshi ya wuce ƙwaryar ya kama iska."

Ladan ya ɗago a firgice.

"Ba wanda ya gani, na kare da mayafi. Kuma ba mai ji ga bakina har in mutu." Sai a lokacin hawayen suka ɓalle mata. "Shi ya sa ba ni iya ce maka zauna. Da girman kai ya kawo shi, da na riƙe rigarka gaban kowa, a faɗi abin da za a faɗi. Amma wa ka hana makaho ɗanai? Ka ga abin da Allah ya yi da mu. Naka ba ido, nawa ba hannu, kai kuma kai ɗai na."

Ya so ya rantse mata zai dawo, ya ji tsoron rantsuwar da ba shi da ikon cikawa. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ba abin yafewa, ya tafi kada rana ta yi musu a hanya. Ta juya masa baya ta kifa goshi a jikin tsamiyar, kafaɗunta na girgiza.

Ya ɗora mahaifinsa a sirdi, ya ja goɗiyar suka ratsa kasuwa. Mutane na darewa suna gai da Malam, shi kuwa yana ɗaga hannu ta inda murya ta fito, ba mai cewa ba ya gani. Suka wuce 'yan gishiri, suka wuce masu tukwane, suka kama hanyar arewa wadda ta bi ta cikin gonaki.

Ba su yi nisa ba Ladan ya waiwaya. Ɗangiwa bai jira kasuwa ta zagayo ba. Ya durƙusa gaban Almu yana magana yana nuna masu jiran layi, daga nan ya gyara riga ya zauna a kan tabarmar. Almu bai ce ya tashi ba. Wani ya matsa ya miƙa masa kai.

Ladan ya juyo ya ci gaba da tafiya.

"Ka waiwaya," in ji Malam daga bisa. "Na ji linzami ya saki. Mi ka gani?"

Ya faɗa masa gaskiya. Ya faɗa masa har da sharaɗin Almu, da abin da zaman Ɗangiwa a tabarmar nan yake nufi. Suka yi tafiya mai ɗan tsawo ba abin da ake ji sai kofaton goɗiya a kan yashi.

"Wadda ta ba ni ruwa," Malam ya ce daga baya, kamar mai magana da kansa. "Na lalubi ƙwarya ban same ta ba. Na ce yau asirina ya tonu tsakar kasuwa. Sai na ji an kawo bakin ƙwaryar an aza cikin tafina, an riƙe har na kama da kyau. Ta ce, sannu da rana Baba, da ƙarfi, don mutane su zaci gaisuwa ta tsai da ita." Ya sunkuyo daga sirdi. "Ita ta?"

"Ita ta, Baba."

"Kai ka faɗa mata?"

"Ban faɗa ba. Ita ta faɗa mini, ta kuma ce in tafi."

Goɗiyar ta yi taku kaɗan. Ladan ya ji an ja linzamin daga sama, dabbar ta tsaya cik a tsakiyar hanya. Ya ɗaga kai. Fararen idanun na kallon wajen Tambuwal, haɓar tsohon na rawa cikin gemu, kamar mai kokawa da wata kalma da ba ta taɓa fita bakinsa ba.

"Shi Sarkin Askar," ya ce, "mutum na da a ka iya magana da shi?"

Ladan ya ce bai taɓa jin ya tashi daga kan rantsuwa ba.

"Ni ma haka an ka sanni," in ji Malam Dawuda. Ya gyara zama a sirdi, ya laluba ya daidaita rawaninsa. "Juya goɗiyar."